Ƙaryar da Na Kai Magaria

Shekarata goma sha ɗaya ina sakatariya a wani biro, wato ofis, a Yamai lokacin da abin ya same ni. Ba zazzaɓi ba ne, ba kuma ciwon kai ba. Ina tashi in yi salla, in tari takisi, in gaida mutane, in buga takardu har la'asar, amma sai in ji kamar wata ce ke yi, ni ina gefe ina kallonta. Abinci ba ya yi mini daɗi, ba ya yi mini ɗaci. Ranar da na tsorata, maƙwabciyata ce ta rasu, wadda muka shekara bakwai muna cin tuwo kwano ɗaya. Na zauna cikin mata, na ji bakina yana ta'aziyya, zuciyata kuwa tana kan wata takarda da na bari bisa tebur. Washegari na nemi konje, wato hutu, na wata biyu, na kamo hanyar gida, Waca.

Inna tana ganina ta ce iska ce, ta aika aka karɓo rubutu. Na sha don kada ranta ya ɓaci. Yayana kuwa tsohon majo ne, ya shekara talatin yana duba marasa lafiya kafin ya ajiye aiki. Kwana uku yana kallona, a na huɗu ya zauna bakin tabarmata.

"Akwai wata da ke zuwa Magaria kowace Talata," in ji shi. "Ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya. Magana kawai ake yi da ita."

"Magana? Yaya, maganar ce na rasa a Yamai?"

"Je ki dai ki gani."

Na amsa masa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ya daɗe yana so in bar aiki in dawo kusa da Inna. Shi ma shugaban birommu ya sa hannu kan takardar hutuna da sauri fiye da yadda na saba gani. Sai na haɗa wannan da wancan, na ce lalle takarda ake so a rubuta cewa kaina ya taɓu.

Ran Talata na je asibitin Magaria. Wani ɗan ɗaki ne bayan ɗakin awon ciki, kujera biyu da tebur. Matar ba ta kai ni shekaru ba. Ta miƙe ta gaishe ni, ta ce mini Tanti. Tana buɗe baki na ji Hausar gida, na tambaye ta garinsu. Ta ce Dungas, har ma goggonta tana aure a Waca. Nan gabana ya faɗi. A ƙasarmu in ka yi tari a Mallawa, kafin azahar an yi maka sannu a Kwaya.

Ta ce abin da aka faɗa a ɗakin nan, nan yake tsayawa. Na ce to. Ta tambaye ni barcina, da cina, da abin da nake ji in na farka da safe. Ina ba ta amsa guntu-guntu, idona na kan kayen da ke gabanta, littafin da takan ɗan yi rubutu a ciki. Ta ce in dafa ƙirjina in faɗi abin da nake ji a wurin. Na ce riga nake ji. Ba ta yi fushi ba, wannan ma ya ƙara mini zargi.

Zuwa na uku na shirya mata tarko. Na ce a raina zan ba ta ƙarya, in ga ta bakin wa za ta fito. Na sassauta murya na ce ina da wani asiri: na yanke shawarar barin aiki, zan koma Kwaya wurin wata ƙawata mu riƙa yin mai da ƙuli-ƙuli. Ta ce, "Kin iya?" Na ce wurin Kaka na koya. Don ƙaryar ta zauna, sai na shiga ba ta labari: yadda Kaka ke suyar gyaɗa da yashi a kasko, yadda muke murje ta a faifai muna hure ɓawon, yadda tunkuza ke fara zufa in an zuba mata ruwan zafi ana juyawa da muciya, da dukan da na sha ranar da na cika aljihun ɗan kamfaina da ƙuli mai zafi ya ƙona mini cinya. Ban ankara ba sai da ta ce lokaci ya yi.

Na koma gida na kasa kunne. Ran Alhamis matar Yaya ta dire mini ƙwaryar gyaɗa ta ce in taya ta ɓara. Lokacin kaka ne, kowane gida ɓarar gyaɗa ake, amma na dube ta da kyau. Ran Asabar muna cin rogo da garin ƙuli, sai Yaya ya ce, "Ƙulin yanzu bai kama ƙafar na Kaka ba." Na ajiye rogon. Ban ƙara yi masa magana ba har Talata.

Ina shiga ɗakin matar a Magaria, ban ko zauna ba na ce mata, "Madam, ashe haka kike?"

Ta saurare ni har na gama, sannan ta juyo kayen ta turo mini. "Karanta, Tanti. Naki ne."

Shafi ɗaya da rabi ne duka. Kwanan wata, awa nawa nake barci, ko ina cin abinci. A ƙarƙashin Talatar da ta wuce layi ɗaya ne kawai: ta yi dariya sau biyu, ta yi magana da hannuwanta. Babu Kwaya, babu barin aiki.

"Yayanki ya tare ni a bakin ƙofa sau ɗaya," ta ce. "Na ce ya tambaye ki."

Na zauna. Kunya ta rufe ni, amma na daure na ce, "Ƙarya na yi miki. Ba ni da wata ƙawa a Kwaya."

"Na ji. Ƙunar cinyar fa, ita ma ƙarya ce?"

Na ce a'a, tabon yana nan. Ta tambaye ni ina Kaka yanzu. Na ce ta rasu shekara shida da suka wuce, muna tsakiyar shirin wani babban taro a biro, ban samu zuwa ba sai bayan sadakar arba'in. Ina faɗa sai kuka ya zo mini. Ta bar ni na yi kukana, ba ta rubuta komai ba.

Na ƙara zuwa sau huɗu. Ba duka na faɗa mata ba; akwai abubuwan da har yau na riƙe, don goggon nan tata ba ta fita raina ba. Ban kuma taɓa sanin ko maganar Yaya dacewa ce kawai ba. Na tambaye shi, ya rantse bai san zancen ba, amma majo ne, sun iya riƙe fuska.

Aiki dai ban bari ba. Da hutuna ya ƙare ta rubuta mini inda zan sami wani abokin aikinta a Yamai. Sai da na yi wata uku da takardar cikin jaka kafin na je. Dattijo ne Bazabarme, Hausarsa gurguwa, rabin maganarmu da Faransanci muke yi. Sau ɗaya a wata nake zuwa wurinsa, ran Laraba bayan an tashi aiki.