Albarkar da Tambaya Ta Ajiye

Tambaya mai ƙuli-ƙuli 'yar Nahuce ce, amma a Gusau ta yi zaman aure, a gidan hayar Alhaji Yazid mai ɗaki uku da rijiya. Ba ta da yawan magana, sai dai ba ta mantuwa. In ka taka ta bara, bana za ta nuna maka yatsan.

Ranar da ta fita takabar mijinta, ana tsakiyar ruwan Agusta, Alhaji Yazid ya ce ta tashi, ya samu ma'aikaci mai biyan shekara biyu. Ta durƙusa ta ce za ta ƙara kuɗin haya, ya bar ta da yaranta zuwa kaka. Ko kallonta bai yi ba.

"Albarka," ya ce, kamar wadda ta yi wa akuyarsa tayin wulaƙanci.

Tambaya ta kwashi kalmar nan tare da tukwanenta, ta koma ɗakin yayanta a Nahuce.

Shekara goma sha ɗaya tana matsar man gyaɗa, tana kaiwa Tsafe da Bungudu, tana kiwon tumaki. Sai ga dillali Ma'u da labari: harkar takin Alhaji ta karye, ya sayar da sauran gidajensa, ya koma da iyalinsa wancan gidan da ya tashe ta, shi ma ya sa shi kasuwa.

Ba ta nuna fuskarta ba, Ma'u ta tura. Sati uku tana tayi ta bakinsa. Yau ta ce rijiyar na ƙafewa da bazara, gobe ta ce kwanon ɗakin tsakiya na yoyo. Alhaji ya rasa wane mai saye ne ya san gidan haka bai taɓa leƙowa ba. Da ya gaji, ya sallama.

Sai ranar sa hannu gaban mai unguwa ya gan ta. Aka biya, aka shafa fatiha, hadari na haɗowa. Ya matso kusa da ita, murya ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, ki bar mu cikin gidanga zuwa kaka. Ban da inda nika kai ɗiyana. Ga hayar wata ukku, in ta yi miki."

Tambaya ta gyara mayafi. Ta daɗe tana jiran wannan rana, kuma daɗinta ya ratsa ta har ƙashi.

"Albarka, Alhaji," ta ce. "Ran Juma'a nika son makullina."