Ranar da Surukina Ya Yi wa Motata Magana

Ni dai in ana maganar mota, daga Tsanyawa har Shanono ba a haifi wanda ya kamo ƙafata ba. Haka nake faɗa a tasha a wancan lokacin, in ƙara da cewa ko ina barci na ji kukan inji zan gaya maka notin da ya kwance. To, akwai wasu kwana uku da suka rage mini baki, kuma ko zan manta sunan ƙauyenmu ba zan manta da su ba.

Shekarun nan ne da fetur ya fi ƙarfin talaka, kayan gyara kuwa sai dai ka je Kano ka gaishe su ka dawo. Ina da wata tsohuwar bas, ita kaɗai ce mota a ƙauyen. In za ta tashi sai ta yi tari uku, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, amma ita ke ciyar da gidana, ban taɓa zaginta a gaban mutane ba. Sai birkin gaba ya fara ciwo. Kalifa, wato ƙarfen nan da ke matse fatar birki a jikin faifan taya, ta yi tsatsa ta riƙe. In na taka birki sai motar ta karkata kamar ta hango 'yar'uwarta a gona.

A daidai nan aka ba surukina, mahaifin uwargida, rana a wani asibiti a Kano, za a cire masa yanar ido. Alhamis da safe. Likitocin baƙi ne, in ya kuskure sun tafi, sai baɗi in da rai. Dattijon ya kai ba ya gane mutum sai da murya. Na aika masa cewa ya kwantar da hankalinsa, ni zan kai shi har ƙofar likita.

Maganar sabuwar kalifa ba ta ma taso ba, don haka na sayo robobinta a Ɗanbatta na ce da kaina zan gyara. Ran Litinin na ɗaga motar a bayan gida kusa da rumbu, na kwance ta dama da ta hagu, na watsa su cikin daro ɗaya. Na wanke, na goge fistin da ke cikinsu da samfefa har sai da na ga haƙorana a jiki. Talata na mayar da komai ina waƙa.

Saura fitar da iska. Duk wanda ya buɗe birki ya san iska na shiga layin mai, sai wani ya riƙa taka birki kai kuma kana sassauta wani ɗan noti a jikin kalifa har ta fita. Na sa uwargida a kujerar direba.

"Taka! Riƙe! Saki!"

"Malam, wannan birki ko fura ta fi shi tauri."

"Ke dai taka. Me kika sani game da mota?"

Ta taka har azahar. Ta taka har la'asar. Laraba ma haka muka tashi. Na rantse matar nan ta taka birkin da zai tsayar da jirgin ƙasa bakwai, amma ƙafarta sai ta nutse har ƙasa. Man birki ya kusa ƙarewa, zufa ta jiƙa ni har ƙeya.

Ta leƙo ta taga ta ce, "Baba fa shekara talatin yana jan babbar motar gyaɗa."

Na sani sarai. Kuma yana can zaune gindin darbejiya, taku kaɗan daga danga, yana jin duk "taka, riƙe" ɗin nan. Amma ta ina? Ni tsakanina da shi in cire takalmi, in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa, in tashi. Ita kuwa 'yar farinsa ce, ko sunanta bai taɓa kamawa ba, ballantana ta je ta zauna hira. Shi ma kunya ba za ta bar shi ya gyara wa suruki aiki ba. Mu uku kowa na riƙe da kunyarsa, Alhamis na matsowa. Yanzu da nake tunawa, rabin tawa kunyar girman kai ce ta sa hula.

Bayan la'asar ran Laraba sai na ji ƙwas, ƙwas, sanda na zagayo danga. Uwargida ta dira daga mota ta shige gida kamar an jefa ta. Ni na durƙusa cikin baƙin mai. Ya amsa gaisuwa a taƙaice, bai juyo wajena ba. Ya lalubi jikin motar ya ɗan bubbuga ta.

"Sannu, baiwar Allah," ya ce wa motar. "Kwana biyu ina jin ana wahalar da ke."

Ya tsuguna da ƙyar, ya zura hannu inda taya take, yatsunsa suna bin ƙarfe kamar mai jan carbi. Sai ya tsaya.

"Ashsha. Wa ya sa miki takalmin dama a ƙafar hagu? Ga notin iskarki yana kallon ƙasa. Ke da kika san iska sama take hawa, ta ina za ta fita?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige har da sifana. Daron nan ɗaya ne ya cuce ni: na juya su, ta dama ta koma hagu.

Ya miƙe yana cewa, "In an mayar miki da kowace gidanta, noti ya dawo sama, ki yi wa mutane haƙuri ki kama." Ya ja sandarsa ya tafi.

Kafin magariba na juya su. Uwargida ta taka sau biyar, a na shida birki ya tsaya ƙyam kamar dutse. Ta ce, "Me na sani game da mota ko, Malam?" Na yi kamar ina neman noti.

Tun daga ranar na koyi cewa kunya ado ce, amma ba ta fitar da iska daga birki. In ka rasa hanya, ka tambayi na gabanka ko da ta bakin mota ne. Kuma har yau ba na haɗa dama da hagu a daro ɗaya.

Alhamis muka kama hanya da sassafe, shi a gaba, ni ina tuƙi kamar na ɗauko ƙwai. Duk inda na taka birki motar ta tsaya cak, sai ya gyaɗa kai. Da muka isa ƙofar asibitin na zagayo na kwance igiyar ƙofa, na kama hannunsa ya sauko. Ya tsaya ya shafa goshin motar.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Ki gaya wa maigidanki, tunda ga mu ga likitan ido, shi ma ya karɓi kati."