Ta Katako ko Ta Ƙarfe

A shekarar da sojoji suka koma bariki ne wani tsoho Bayarabe mai shagon hoto a Agege ya ce zai rufe, duniya ta koma hoto mai kala. Yana da manyan kyamarori biyu, irin masu ƙafa uku da ake lulluɓa da baƙin ƙyalle, ɗaya ta katako, ɗaya ta ƙarfe. Ya ce in zaɓi ɗaya.

Kawuna, wanda ya koya mini sana'ar, na tafi da shi. Idonsa ya riga ya yi rauni, sai ya shafa su da hannu, ya ce in ɗauki ta ƙarfe, domin Legas ba Katsina ba ce, a nan katako ruwa yake sha ko ba a jiƙa shi ba. Ni kuwa tun ina yaro in aka ce gabas sai na leƙa yamma. Ta ƙarfen nauyi gare ta kamar dutsen niƙa, ga muni. Ta katakon ja ce, tana sheƙi, kuma na ce in ta lalace ai kafinta bai yi nisa ba. Ita na ɗauka. Kawu ya ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, bai ƙara ba.

Da damina ta kankama sai bayanta ya kumbura, ramin da ake zura farantin fim ya ƙi karɓa. A garinmu in ƙofa ta cije da damina haƙuri ake yi, ta saki da kanta. Na san haka sarai, amma direbobin Apapa suna jira a ɗauke su gaban motocinsu. Na kai wa kafinta ya fere ta kaɗan, farantin ya shige sumul, na yi ta yabon kaina. Ban gaya wa Kawu ba.

Bayan ruwa ya ɗauke, Kawu ya ce zai koma gida gaba ɗaya. Ana gobe zai shiga mota ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a benci.

"Ɗauke ni, ɗana," in ji shi. "Shekara arba'in ina cikin ƙyallen nan, ban taɓa zama a gabansa ba. Jikokina su san fuskata."

Na ɗauka sau biyu don kada a yi kuskure. Sai da ya tafi na wanke. Ashe katakon ya bushe ya tsuke, inda aka fere ya buɗe, haske ya shiga. Duka biyun daga kafaɗa zuwa hula fari fat. Riga ta fito, hannayensa a kan gwiwa sun fito har jijiya, fuska babu.

Na ce da Sallah zan je da kaina in sake. Bai kai Sallah ba. Ban taɓa tsanar kaina kamar ranar da saƙon ya iso ba, kuma har yau abin bai sake ni ba.

Bayan sadakar arba'in 'yarsa ta aiko a kai mata hoton da ya ce an ɗauke shi. Na yi wata ina juya shi, sannan na ba wani direba ya kai mata haka nan. Da ya dawo na tambaye shi me ta ce. Ya ce ta daɗe tana kallo, ta ce ta gane hannayen.