Kaka Manniru da Tsohon Karen Madam

A bakin kakata Batulu, wadda muke kira Iya, na fara jin sunan Manniru, ranar da yayana ya faɗi jarabawa. "Ci gaba da wasa," in ji ta, "ka ƙare kamar Manniru, yaron kare a Abuja." Na ɗauka wani taɓaɓɓe ne a gari. Sai da na yi wayo na gane ƙaninta ne, ciki ɗaya.

Manniru ya baro ƙauyenmu na wajen Funtuwa da niyyar zama babban dillalin lemo a Zuba. Lemon ya ruɓe, niyyar ta bi shi. Daga nan ya samu gadi a gidan wata Madam Clara a Gwarinpa, ya tarar ashe akwai babban mai gadi tun kafin shi, wani jibgegen kare mai suna Kaftin. Kowa ya san matsayinsa a gidan. Kaftin ke zuwa ganin likita a mota mai sanyi. Manniru kuwa in haƙori ya dame shi, ga kanumfari nan.

Ba ƙaunar juna suke ba. Duk lokacin da karen ya lashe shi, Manniru zai wanke wurin sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda ya taso ya ga ana yi. To gidan an shafe shi kaf da siminti, ko inda kaza za ta yi tono babu. Dole ya ajiye gwangwanin ƙasa a ɗakin gadi. Mutumin da ya bar gona don ya gaji da ƙasa, ga shi a birni yana roƙon ta wurin magina.

Haka suka tsufa tare a bakin ƙofa ɗaya. Kaftin ya riga shi lalacewa: haƙora suka zube, ido ya yi fari, ƙafafun baya suka daina jin magana. Madam ta tafi Turai wurin 'yarta, ta bar gidan a hannun ɗanta Andrew, wanda ya dubi karen ya ce wa Manniru, "Baba, wannan kare ta gama aiki. Akwai mutane a Mararaba, za su zo su ɗauka. Farfesu."

"Oga, wanda ya yi muku gadi za a ci da barkono?"

"To ka ɗauka, in kana so. Amma ba a gidan nan ba."

Sai ya ɗauka. Ya naɗe shi a buhu, ya kama ɗaki a Orozo, gadin ma ya bar shi ya koma sayar da rake a bakin titi. Safe da yamma yana jiƙa burodi a romon kan kifi, yana tura masa a baki da yatsa. In Kaftin zai yi fitsari, Manniru ya zarga masa tsohon rawani a ciki ya ɗaga shi. Riga biyu gare shi, ta kare da ta salla. Duk da haka a masallaci ana bar masa fili dama da hagu, sai ka ce wani babban mutum.

Da labari ya kai gida, Iya ta aike ni, tunda ina makaranta a Abuja: ya yar da karen ya dawo, ko ya daina kiran ta yayarsa.

Na same shi tsugune, kan Kaftin a cinyarsa. Na isar da saƙo, ban rage komai ba.

"Uwargida, kin zo biko ne?" ya ce. "Kin makara, na yi sabon iyali."

"Kaka, ba wasa take ba fa."

"Na san Batulu, ko a zanin goyo ba ta yi wasa ba." Ya shafa kunnen karen. "Ki ce mata zan zo, amma sai na rufe shi da hannuna. In har lokacin ba ta huce ba, shi ke nan, na yi rashi biyu."

Na miƙe zan tafi, ya ɗago kwalbar magani.

"Zakiyya, hannuna rawa yake. Don Allah riƙe min kansa in ɗura masa. A hankali, ba ya son a matse masa wuya."