Na Je Gummi Ɗauko Inna

Ana idar da sallar asuba muka bar Gusau, ni da wani abokina da ya ara mini motarsa amma ya ƙi ara mini sitiyari. Aikin da Yayana ya ba ni guda ne: in ɗauko Inna daga Gummi ta dawo cikinmu, tunda hanya ta ƙi lafiya.

Ku da kuke bibiyata kun san cutata, wato littattafan zanen nan na zombi, gawarwakin da ke tashi suna cizon mutane. Darasinsu kullum ɗaya ne: in duniya ta rikice ka kulle ƙofa, kada ka yarda da kowa, wanda ya faɗi a bar shi nan. Da wannan karatun na shiga mota, ina jin kaina gwanin tsira.

A Anka muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya yi ƙiba. Daga nan sai ramuka da shingayen bincike, ga ƙauyukan da aka watse aka bar rumbuna a buɗe. Wajen mahaɗar Bukkuyum abokina ya daina surutu, abin da ban taɓa gani ba. Ni ma na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

Mun isa Gummi da azahar, fadama kore shar da shinkafa. Na tarar da gidanmu cike da matan da suka gudo daga ƙauyuka, har ɗakina an ba wasu. Bayan mun ci shinkafa da kifi na faɗa wa Inna abin da ya kawo ni. Don in ƙara wa maganata nauyi, na yi wautar nuna mata zanen a waya. Ga wanda bai sani ba, Inna ce mai wankan gawar mata a unguwarmu tun ina goye.

Ta duba da kyau, ta miƙo mini wayar. "Ni dai duk waɗanda niw wanke, ko guda ba ta tashi ta cije ni ba. Wanda yay yi zanen ga bai taɓa riƙa gawa ba."

Na ce maganar ranta muke yi. Ta ce ta ji.

Washegari da hantsi ɗaya daga cikin baƙin ta rasu, tsohuwa ce da ba ta da kowa a garin. Inna ta sa aka ɗora ruwa, ta shiga ta ja labule. Maƙwabci ya kawo likkafani, matasa suka tafi haƙa, liman ya zo. Mutanen da ba su san ko sunanta ba suka yi sahu har bakin titi. Ni ma na sa kafaɗa a makara.

Da muka dawo Inna ta dube ni. "In na bi ka Gusau, wa ka wanke su?"

Washegari muka kama hanyar Gusau ba tare da ita ba.

Mun iso gida lafiya kafin magariba, kujerar baya ba kowa sai buhun shinkafa. Masu zanen nan sun iya zana tsoro, amma ƙarya suke yi mana game da mutane, na ga inda duniya ta rikice kuma ba a bar kowa a ƙasa ba. Yaya ya tare ni a ƙofa yana tambaya ina Inna. Na ce tana bakin aiki, kuma in ya matsa, bayanta zan bi.