Riskuwa da Jirgin Fito

Idan ka je Argungu ka tambayi gidan Riskuwa mai inji, kowa zai nuna maka, amma za a haɗa maka da gargaɗi cewa ka ɗaga murya. Shekara da shekaru tana yi wa unguwa niƙan gero da masara da markaɗen tattasai, ƙarar injin kuwa tana cin kunnenta a hankali. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama yana ɗan kamawa in ka matso ka yi magana kamar mai kiran wani a tsallaken kogi. Matan da ke kawo niƙa sukan zauna a zaurenta su yi ta hira, ita kuma tana kallon bakunansu tana murmushi a inda take zaton ya dace. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta yi murmushi a kan labarin rasuwa.

Ni ba wannan Riskuwar na fara sani ba. Wadda na sani tsohuwa ce mai jirgin fito a wani gari da babu shi a duniya.

Sunan garin Gungun Dorina. Guruf ne na WhatsApp da wasu samarin Birnin Kebbi suka buɗe tun suna ɗalibai, ana wasan kwaikwayo a rubuce. Kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi, wani maƙeri, wata mai tuwo, wani ɓarawon shanu. Abin da ka rubuta mutuminka ya yi, to ya yi, sai fa in admin ya ce bai yi ba. Wanda kuma aka kashe mutuminsa a labari, cire shi ake yi daga guruf, ba dawowa. Admin ɗin Atiku ne, ma'aikacin ofis da ke zaune a Gwadangaji, kuma ba sai na faɗa maka wa ya ɗauki sarautar garin ba. Abokansa suka raba sauran muƙamai, wannan waziri, wancan sarkin yaƙi, waccan gimbiya. 'Yan tushe suke kiran kansu.

Da suka tsara garin sai suka ɗora shi a kan tsibiri don ya yi armashi, suka kafa dokar cewa ba mai shiga sai ta jirgi. Sai dai duk cikinsu ba wanda ya yarda ya ajiye takobi ya ɗauki filafilin tuƙi. Ana cikin haka ɗiyar Riskuwa da ke karatu a Birnin Kebbi ta roƙa aka sa lambar uwarta, don ta gaji da ganinta zaune shiru a tsakiyar mutane. Atiku ya miƙa mata jirgin kamar mai ba da sadakar tsohuwar riga.

Abin da bai sani ba, matar nan ta daɗe rabonta da majalisar da take jin kowace kalma. A Gungun Dorina ba a raɗa, ba a juya mata baya a yi magana, ba wanda ke cewa "bar shi kawai" idan ta nemi a maimaita. Da ta kashe inji sai ta goge garin hannunta ta ɗauki waya. Ta san wa ke fushi da wa, ta san barkwancin kowa, tana kuma mayar da martani a kan lokaci, ba bayan dariya ta wuce ba. Wannan wurin shi ne hirarta duk duniya.

Ni sunana Humaira, malamar firamare ce. Lokacin da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki muka dawo Gwadangaji, ban san kowa ba sai mai Keke Napep ɗin da ke kai ni makaranta. Wata abokiyar aiki ta sa aka saka ni a guruf ɗin. Na zauna na tsara mutuniyata, mai ginin tukwane, na rubuta cewa ga ta a bakin ruwa da kayanta tana neman shiga gari. Ba wanda ya tanka. Saƙonni suka yi ta wucewa ta kaina, ana shirin yaƙi, ana yabon zanin gimbiya, waziri ya yi atishawa mutum goma sun yi masa sannu. Na sake rubutawa. Shiru. Kunya ta kama ni, daga baya ta koma haushi, don na san irin mutanen nan tun a makarantar kwana, masu ganin in sun amsa maka gaisuwa darajarsu za ta rage. Har na kai yatsa zan fita sai ga saƙo:

"Jirgi ya taɓa gaci. Tsohuwa ta ce, shigo ɗiyata, riƙe tukwanenki da kyau kada su hwashe."

Ba ta tsaya ga tsallakar da ni kawai ba. Ta sauke ni a bukkarta, ta ba ni ruwa da fura, sannan ta ce baƙo ba ya kwana a gari bai gai da masu gari ba. Ta ja ni har ƙofar fada, daidai lokacin da sarki da manyansa ke tsakiyar shawarar yaƙi, ta rubuta: "Tsohuwa ta tsaya bakin ƙohwa da baƙuwa, ta ce assalamu alaikum." Ta ce ni ma in yi tawa. Na yi.

Can sai ga sarki da kansa: "Wa alaikumus salam." To ya zai yi? Yaron da ya tashi a Birnin Kebbi, jikan malamai, yana iya share tambayarka, yana iya share barkwancinka, amma sallama ba ta sharuwa, ko a wasa ne kuwa. Kuma bakin da ya amsa sallama ba ya tsayawa nan, sai ya zarce da "wane ne?" Kafin su ankara an tambayi sunana, an tambayi daga ina, gimbiya har ta taya tulu.

Haka take yi wa duk wanda ta ɗauko. Gidan waziri, gidan sarkin yaƙi, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko ɗaya. 'Yan tushe suka fara tsuke fuska. Suka kafa dokar cewa sabon shiga ya yi shiru ya koyi wasa tukuna. Riskuwa ta ce ta yarda, amma gaisuwa ba surutu ba ce. Suka koma amsawa da ɗan hoton hannu. Ta rubuta cewa idon tsohuwa ba ya gani sosai, ta sake sallama. Abu ɗaya ne zai tsayar da ita, a rubuta ƙarara cewa an hana sallama a Gungun Dorina, kuma duk taurin kan Atiku bai kai ya sa sunansa a ƙarƙashin wannan magana ba. Ya san kafin la'asar hoton saƙon ya isa wayar kawunansa.

Abin da ya fi ci musu rai ma ba sallamar ba ce. Mu da aka ɗauko muka saba da juna a bukkar tsohuwa, muka buɗe kasuwa, muka yi rigimar kan iyaka tsakanin mai tuwo da maƙeri da ta fi yaƙinsu daɗi. Sai ya zama sarki ya yi jawabi mutum uku sun tanka, akuyar maƙeri ta ɓace gari ya tashi. Wanda ya saba a kalle shi ba ya yafe wannan.

Wata Asabar da safe Riskuwa ta turo mini saƙon murya da Atiku ya aika mata ita kaɗai, ta rubuta a ƙasa: "Ji mini wanga, ki hwaɗa min abin da yac ce." Sai a ranar na san ba ta ji. Atiku kuwa ya sani, ɗiyarta ta gaya masa tun farko. Na saurara. Murya a tausashe, ladabi kamar gaske. Wai gari ya cika, za a rufe ruwa. Wai saboda girmanta za a naɗa ta Magajiyar Gari, a ba ta gida kusa da fada, a kuma sa ta a ƙaramin guruf ɗinsu na manya inda ake yanke komai. Amma in jirgi ya sake barin gaci, iska za ta kife shi, kuma ta san doka.

Raina ya ɓaci. Ban iya rubuta mata ba, na ɗauki mayafi na hau motar Argungu.

Na same ta a zaure, gari ya yi mata fari har gira, mace mai jiki da ba ta kai tsufan da take yi a wasa ba. Ta gane ni kafin in faɗi sunana, ta ce mai tukwane ce. Ta kashe inji, na matsa kusa da kunnen dama na zayyana mata komai. Sannan na faɗi abin da na yi ta juyawa a mota.

"Yaya, ki karɓa. Su ba abin da za su rasa. Ke in sunka cire ki, da wa za ki hira?"

"Na san abin da za ni rasawa, ba sai kin hwaɗa min ba," in ji ta. "Magajiya mi taka yi?"

"Zama kusa da sarki."

"To ni zama ya ishe ni nan."

Ta buɗe waya ta nuna mini. Tun hantsi wani sabon shiga yake tsaye a bakin ruwa, Arzika, manomin albasa daga Augie. Ya rubuta cewa ga shi da jakinsa da buhu biyu. Ya sake rubuta cewa rana ta yi zafi, jaki na jin ƙishirwa. Na uku ya ce ko dai ba a nan ake shiga ba, a yi haƙuri in ya yi kuskure. Wannan na ukun ta daɗe tana kallo.

"Magidanci na," ta ce. "Shina ba yara haƙuri don sun ƙi kula shi."

Ta goge hannu a zani ta fara rubutu da yatsa ɗaya. Ina zaune gefenta ina karantawa a tawa wayar. Jirgi ya bar gaci. Jirgi ya isa tsallake, tsohuwa ta ce wa baƙo ya shigo da jakin, in ya yi harbi ita ta san maganinsa. Sun kamo hanya. Sai ga Atiku: hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, ruwa ya fara shiga jirgi. Wannan dama ce ya ba ta ta juya, kowa ya gane. Ta rubuta cewa tsohuwa ta ƙara ƙarfin tuƙi. Ya rubuta cewa filafili ya karye. Ta rubuta cewa ta sa hannu. Da suka kusa tsibiri ta tura baƙo da jakinsa inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ta ce masa, "Hwada tana gabas ga kasuwa. Ka yi sallama da ƙarhi, suna ji."

Atiku ya rubuta cewa jirgi ya kife, tsohuwa ba ta taso ba. Ƙasan wannan sai ga ɗan layin nan da ke nuna ya cire ta. A wayarta wurin rubutu ya ɓace. Ta kalle shi, ta kife wayar a kan buhu, ta tambayi wata mata da ta shigo ko gari take so ko tsaki.

Na yi kuka a motar dawowa, ba na ɓoyewa, kuma rabinsa na haushi ne. Arzika ya yi sallamarsa, an kuma amsa, yanzu haka shi ke da rumfar albasa a kasuwar Gungun Dorina. Ni ban fita daga guruf ba, don fitata daɗi za ta yi musu. Kullum sai na je ƙofar fada na yi sallama ba tare da wata buƙata ba, in tsaya sai an amsa. Amma ruwa a rufe yake. Har yanzu akan samu wanda wani ya saka, ya tsaya a tsallake ya yi magana sau ɗaya, sau biyu, sannan ka ga ya fita.

Bayan sallar layya na koma Argungu da sabon layin waya a jakata. Na riga na shirya komai, wata a cikinmu za ta ce ƙanwar mamanta ce a saka ta, Atiku ba zai gane ba. Na same ta ita kaɗai tana ɗaure bel ɗin inji. Ta rame kaɗan. Ta tambaye ni akuyar maƙeri, ta tambayi ko mai tuwo ta yi aure, tana ta tambaya kamar wadda ta yi shekara a wata ƙasa. Da na ga haka sai na ciro layin na ajiye mata a cinya, na yi mata bayani a kunne.

Ta juya shi a hannu, na ga tana so. Sannan ta kama hannuna ta mayar mini da shi ta dunƙule yatsuna a kai.

"Da sunana sunka hidda ni, ba ni komawa da na wata," ta ce. "Kuma ko da za a sake, ba ni barin Arzika tsaye bakin ruwa."

"Yaya, ba wanda za ya sani."

"Humaira, in na koma da sabon suna, baƙuwa ta ni. Can tsallake za ni tsayawa." Ta dube ni. "Wa za ya ɗauko ni?"

Ta miƙe ta ja igiyar inji, ya tashi a ja na biyu.