Hannun Hajiya Adiza

Wata ranar Talata ce, sati biyu bayan babbar sallah, shekarar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare a Maamobi, maƙwabciyar unguwarmu Nima. Masta Ofori, malaminmu na kimiyya, ya shigo aji ba littafi ba alli, sai agogonsa da ya kwance ya rataya a ƙusar allo. Dogo ne siriri, ba Bahaushe ba, amma ya daɗe a Zongo cikin Hausawa har Hausa ta kama bakinsa, irin tamu ta Nima wadda mace da namiji duk "kai" ne. Ya ce kowa ya kama wuyan hannunsa ya lalubo inda ke motsi. Ajin da ko hedimasta bai taɓa iya rufe wa baki ba ya yi tsit, har muna jin mai ruwan leda tana talla a bakin titi. Can sai na samu nawa. Wani abu ne ke ƙwanƙwasawa daga cikina, ba ni na sa shi ba, kuma ban isa in hana shi ba. Masta ya sa muka ƙirga, ya kora mu muka zagaya makaranta da gudu, muka dawo muna haki muka sake ƙirgawa. "Muddin wannan yana bugawa, mutum yana nan," in ji shi. "In ya tsaya, ya tafi." Sai aka kaɗa ƙararrawa.

Ni kuwa dama in na koyi abu sai kowa ya gaji da ni. Gidanmu na haya ne a Nima, ɗaki goma sha huɗu, famfo ɗaya, kuma a satin nan ba hannun da ban kama ba. Yayata tana wanke ganyen waakye, wanda ake dafa shinkafa da wake da shi, na riƙe ta, ta watsa mini ruwa. 'Yan matan gida suna gama tsallen ampe zan bi su ɗaya bayan ɗaya, har akuyar mai gida sai da na laluba. Kakata Memuna, wadda ita ke wankan gawar mata a unguwarmu, ta ce in na sake taɓa ta sai ta karya mini yatsu. Wadda ba ta taɓa korata ba ita ce Hajiya Adiza, tsohuwa mai sayar da goro a ɗakin ƙarshe, ba ɗa ba jika. Takan miƙo hannu tana dariya ta ce, "To likita, da sauran kwana?" Nata yana da wuyar samu, can ƙasa-ƙasa yake, a hankali, sai na daɗe ina nema.

Ranar Asabar har hantsi Hajiya ba ta fito da farantin goro ba. Aka tura ƙofa aka same ta kwance. Ba wanda ya yi zancen asibiti, don a lokacin tsoho in ya rasu a ɗakinsa, manya ne ke dubawa. Kaka ta sa hannu a ƙirjinta, ta kara kunci a hancinta, ta rufe mata ido, ta ɗaure haɓa. Aka sa jana'iza bayan azahar, samari suka tafi haƙa, maza suka jera benci a ƙofar gida. Ni aka sa ɗiban ruwa. A bokiti na uku, ina ajiyewa a bakin ƙofa, hannun Hajiya ya zame daga ƙarƙashin zane ya sauka a siminti. Kaka tana yanka likkafani, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Mayar mata da hannunta." Na durƙusa na kama shi a inda na saba kamawa. Wallahi na ji. Ɗaya, biyu, uku, can ƙasa-ƙasa. Hannun ma bai yi sanyin da nake zato ba.

 Ina 'yar shekara goma sha huɗu, wa zan cewa ya yi kuskure? Kakar da ta shekara talatin tana wannan aiki, ko limamin da ke zaune a waje? Kaka ta ce, "Ajiye ka fita, ba wurin yara ba ne." Na ajiye na fita. Ina tsaye a jikin famfo aka fito da makara, na bi ta da ido har ta sha kwana ta wajen babbar gota, kwatar unguwarmu, ina jira zanen ya motsa. Bai motsa ba, ni ma ban ce uffan ba.

Kwanakin da suka biyo baya Allah kaɗai ya san yadda na yi su. Da rana tsaka, maƙwabta na dakan fufu, sai in ji kamar daga ƙarƙashin ƙasa ake bugowa. Famfo na ɗiga a bokiti, ni ƙirgawa nake. Aka sa kwaɗo a ɗakin Hajiya, amma in zan wuce sai na rage tafiya na kasa kunne. Abinci ya ƙi shiga. Mmata, mahaifiyata, ta ce gawa na gani na tsorata, aka karɓo mini rubutu, na sha. Abin da ke cina ba mai wanke shi: mun binne mace da ranta, kuma ni kaɗai na sani.

Ranar Alhamis da aka fita tara na bi Masta Ofori ƙarƙashin bishiyar da yake duba littattafanmu, na faɗa masa duka ina kuka. Bai yi dariya ba. Ya ajiye biro ya ce, "Da wane yatsa ka taɓa hannun?" Ban gane ba. Sai ya kama babban yatsana ya danna a gefen teburinsa, ya ce in yi shiru. Jama'a, sai ga katako yana bugawa. Na fizge hannuna. Ya bayyana mini cewa babban yatsa yana da nasa bugun, duk abin da ka danna da shi kanka kake ji, shi ya sa ake amfani da yatsu biyu na kusa da shi. "Laifina ne, ban faɗa muku ba," in ji shi. Ya sake tambayata. Na rufe ido na koma ɗakin nan, na ga zanen, na ga simintin, na ga lallen da ke farcenta, amma ban ga nawa hannun ba. Na ce ban sani ba. Ya ce, "Babban yatsa ne, je ka ci abinci." To amma shi ba ya ɗakin, kuma da yake faɗa ba ni yake kallo ba.

Yau ni ke koyar da wannan darasi, a wata makaranta da ba ta da nisa da waccan. An rushe gidanmu an gina shaguna, ko famfon babu, kuma ina kewar hayaniyarsa. Yanzu da wuya a binne mutum likita bai duba ba, wasu ɗalibaina ma agogon hannunsu ke ƙirga musu. Duk da haka kafin kowa ya taɓa hannunsa sai na sa sun naɗe babban yatsa, suna dariya suna cewa Madam ta cika tsanani. Kaka ban taɓa faɗa mata ba. Ranar da ta rasu, bayan likita ya gama, na riƙe wuyan hannunta da yatsu biyu har sai da aka ɓamɓare ni. Ita na tabbata. Hajiya Adiza kuwa, har yau ban sani ba.